Na iya dokokin bakgamon, amma gogaggu suna ta cinye ni: ta ina zan hau mataki na gaba?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a bakgamon ce, wasan nan na allo da mutum biyu ke yi da dayis biyu. Dokoki duk na san su: jera 'ya'ya goma sha biyar, bugewa, shigowa daga sanda (inda ake ajiye ɗan da aka buge), kwashewa a ƙarshe. Buɗe wasa ma na haddace na dole: 3-1 in kama gurbi na 5 (in ajiye 'ya'ya biyu a kai), 4-2 in kama na 4, 6-1 in kama na 7, 6-5 in gudu da na baya zuwa 13. In na haɗu da sabon shiga ina cinye shi. Amma da na fara karawa da waɗanda suka goge, sai in ga kamar dayis ɗin su kaɗai yake yi wa aiki. Ba na barin ɗa shi kaɗai muddin da yadda zan yi, duk da haka su ne ke buge ni, in kuwa na samu na buge su sai su shigo kamar ba a yi komai ba. Me ya kamata in koya yanzu?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ciwon yana cikin abin da ka faɗa da bakinka, wato ba ka barin ɗa shi kaɗai. Mai gudun barin tilo dole ya jibge 'ya'ya shida ko bakwai a gurbi na 6, saura ya tura su can ƙurya, na 2 da na 1, inda aikinsu ya ƙare tun wasa bai yi nisa ba. Shi ya sa in ka buge mutum yake shigowa a sauƙaƙe, gidanka, wato gurabenka na 1 zuwa 6, a buɗe yake. Dayis biyu jifa iri 36 suke da shi. In gurbi ɗaya ka rufe a gida, jifa ɗaya tak ke hana shi shigowa. In uku ka rufe, 27 na shigo da shi. In huɗu, 20. In biyar, 11 kacal. Ka ga bugu ba ya yi wa mutum zafi sai gida ya ginu, gida kuma ba ya ginuwa sai ka saki 'ya'ya sun tsaya inda za su haɗu su kama gurbi.

Ɗan Koyo:
Na ji Yaya. Amma in na saki aka buge ni fa? Ai komawa farko ke nan.

Mai Lissafi:
Bari in sa baki da misali. Ka jefa 2-1 a buɗe wasa, ka taka 13/11 da 6/5, wato ɗa guda daga gurbi na 13 zuwa 11, wani daga 6 zuwa 5. Ka ajiye tilo a gurbi na 5, 'ya'yansa biyu na baya suna taku huɗu daga wurin. Jifa nawa ke buge ka? Duk mai ɗauke da 4, su 11 ne, sai 3-1 ta fuska biyu, sai 2-2 da 1-1. Jimilla 15 cikin 36. Sauran 21 ya kuskure, kuma a mafi yawansu za ka rufe wurin a jifarka ta gaba, ka mallaki gurbin da ya fi kowane daraja a gidanka har ƙarshen wasa. In ya buge, ka yi asarar taku 20 cikin 167 da kowa ke farawa da su, a lokacin da gidansa gurbi ɗaya ne kawai a rufe. Wannan asara ce da ake iya farfaɗowa daga ita.

Abin da zan ce ka haddace kafin komai shi ne nisan bugu. Tilon da ke taku 1 daga abokin karawa, jifa 11 ke samunsa. Taku 2, 12. Taku 3, 14. Taku 4 da 5, 15 kowanne. Taku 6 ya fi kowane haɗari, 17. Da ka wuce 6 abin ya faɗo ƙasa warwas: 7 da 8 jifa 6 ne, 9 jifa 5, 10 jifa 3, 11 jifa 2, matuƙar babu gurbin da ya tare hanya. Saboda haka in dole ne ka bar tilo, ko dai ka matso da shi dab da shi, ko ka bar shi nesa fiye da taku shida.

Tsohon Hannu:
Lissafin Malam daidai ne, amma kada yaron nan ya ɗauka ana sakin tilo ne ko yaushe. Akwai abin dubawa. Kana da turke, wato 'ya'ya biyu a gurbi ɗaya cikin gidansa? In kana da shi, ko an buge ka kana da wurin sauka, ba za a rufe ka ruf ba, sai ka yi wasa da ƙarfin hali. Gidan wa ya fi rufuwa? In naka ne, musayar bugu riba ce gare ka. Wa ya fi yawan 'ya'ya a baya? Wanda yake da uku a baya, na huɗu ba zai ƙara masa wani ciwo mai yawa ba, amma wanda saura ɗaya ya rage masa ya tsere, shi ne ya kamata ya lallaɓa. Sannan ka duba ko yana da tilo a cikin gidansa, domin in yana da shi, bugun da zai yi maka yana iya juyowa kansa.

Abin da ya fi waɗannan duka girma a wurina shi ne ka san wane wasa kake yi. Sabon shiga yana kallon jifar da ke gabansa ne kawai. Wanda ya goge yana tambayar kansa: ta wace hanya zan ci wannan wasan? In kana gaba a tsere, ka nemi rabuwa da shi, ka kawo 'ya'yanka gida lafiya. In kana baya, gudu ba naka ba ne, ka riƙe turke a gurbinsa na 5 ko na 4 ko na 7, ka gina gidanka, ka jira ya buɗe. In ka kama gurabe huɗu a jere kuma yana da 'ya'ya a bayansu, katanga kake ginawa, in ta kai shida a jere babu jifar da ke tsallake ta. In kuwa ya raba na bayansa bai kafa turke ba, kai kuma kana da 'ya'ya takwas zuwa goma a kusa, ka far masa, ka yi ta bugewa kana rufewa, ko da a gurbi na 2 ne ko na 1. Jifa ɗaya tana iya sauya maka hanya daga wannan zuwa wancan. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Na Gefe:
Baba, ka bar ɗaya. Wasan baya fa? Ni shi na fi so. In kafa turke biyu a gidansa, in bar shi ya kawo kansa, in buge shi a ƙarshe.

Tsohon Hannu:
Ban manta ba ɗana, da gangan na bar shi. Wasan baya ba a zaɓarsa, faɗawa ake yi cikinsa in sauran hanyoyi sun toshe. Turke biyu na nufin 'ya'ya huɗu sun zauna, saura goma sha ɗaya ne za su ɗauki kowace jifa. In ba ka yi nisa sosai a baya ba, kafin ya buɗe maka gidanka ya rushe, 'ya'yanka sun taru a 1 da 2 da 3. Sai ka buge shi, ya shigo ya wuce abinsa. In kuma ba ka samu bugun ba, gamon ne, wato ya kwashe duka kai ba ka fitar da ko ɗaya ba, maki biyu. In ya zama dole, turke a 2 da 3, ko a 1 da 3, sun fi na 1 da 2, wanda shi ya fi saurin rusa gida.

Na Gefe:
Ni dai ina ci da shi.

Mai Lissafi:
Kana ci da shi a kan waɗanda ba su san su daina buge maka ƙarin 'ya'ya ba. Kowane ɗa da suka mayar maka baya lokaci suke ba ka. Ranar da ka haɗu da wanda ya gane haka za ka ga bambanci.

Ɗan Koyo, duk abin da Baba ya faɗa yana tsaye ne a kan abu ɗaya: ka san ko kana gaba ko kana baya. Ido yana ruɗi a nan. Ka koyi ƙidayar taku. Kowane ɗa, lambar gurbinsa ita ce takun da ya rage masa, sai ka tara. Da farko za ka ji nauyi, amma akwai gajerun hanyoyi: 'ya'ya biyu biyu a gurabe biyar a jere, ka ninka gurbin tsakiya sau goma. Gida a rufe ruf, biyu a kowane gurbi, 42 ne. Biyar a 13, 65 ne. Matsakaicin jifa ya ɗan haura taku 8, saboda haka wanda jifa ke hannunsa kamar yana da ƙarin taku 4 ne a ɓoye.

Antin Yara:
Sannunku da ƙoƙari. Ina ta karantawa ina jiran wanda zai ambaci kyub, shiru. Ƙanena, kana wasa da kyub ɗin ninki kuwa, wanda ake miƙa wa abokin karawa don a ninka makin wasa, ya karɓa ko ya sallama?

Ɗan Koyo:
Ina yi Anti, amma ba na miƙawa sai na tabbatar na ci. In aka miƙo mini kuma ina baya, sai in sallama.

Antin Yara:
To a nan makinka ke zuba, fiye da wajen taka 'ya'ya. Kyub bai daɗe a wasan ba in aka kwatanta da shekarun wasan kansa, a shekarun 1920 ya ɓullo a New York, amma shi ya mai da bakgamon abin da yake a yau. Fara da karɓa. Ka ɗauka wasa huɗu ne iri ɗaya, a kowanne an miƙo maka 2. In ka sallama duka, ka rasa maki 4. In ka karɓa duka, ka faɗi uku, ka ci ɗaya: ka rasa 6, ka samu 2, asara 4 ce dai. Ke nan in kana da damar cin ɗaya cikin huɗu, kashi 25 cikin ɗari, karɓa ba ta fi sallamawa muni ba. Kuma da yake kyub ya dawo hannunka, kai kaɗai ke da ikon sake ninkawa, ana karɓa har ƙasa da haka kaɗan, wajen kashi 22 a dogon tsere. Kasancewa a baya kawai ba dalilin sallamawa ba ne. Abin da ke sauya lissafin shi ne gamon: in cikin faɗuwar da za ka yi da yawa gamon ne, kana buƙatar fiye da kashi 25 sosai.

Miƙawa kuma, in ka jira sai ka tabbatar, ka makara. Zai sallama ya ba ka maki 1 a wasan da ya kamata ka ci 2 ko 4. Lokacin miƙawa shi ne sa'ad da kake gaba, kuma akwai jifa da dama da in sun zo, a zagaye na gaba ba zai iya karɓa ba. Ka miƙa kafin su zo. Gwanin bakgamon Kit Woolsey yana da ƙa'ida a kan wannan da na ga amfaninta ƙwarai: ka sa kanka a matsayin abokin karawarka, in kana shakkar ko karɓa ce ko sallamawa, to ka miƙa.

A tsere zalla, inda an rabu ba sauran bugu, abin da sauƙi. In takunka wajen 100 ne, ka miƙa in takunsa ya fi naka da kashi 8 cikin ɗari, ka sake ninkawa in kashi 9 ne, shi kuma ya karɓa har zuwa kashi 12. Kai 100 shi 108, miƙa. Kai 100 shi 114, ya sallama.

Sarkin Shakka:
Ku yi haƙuri, ni duk wannan lissafin ban ga amfaninsa ba in dayis ɗin na'ura ne. Akwai wani dandali da nake wasa, da zarar na yi gaba sai abokin karawa ya jefa 6-6. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mai Lissafi:
Ɗan uwa, jifa mai ido biyu iri ɗaya tana zuwa sau ɗaya cikin shida, 6-6 kuma sau ɗaya cikin 36. A wasa guda kowannenku yana jifa sau da yawa, dole ka riƙa ganinsu. Wanda ya cuce ka kake tunawa, wanda ya cece ka ka manta. Sannan gwani yana jera 'ya'yansa ne yadda jifa da yawa za su yi masa kyau, kai kuma kaɗan su yi maka. Misali, in dole ya bar tilo biyu, sai ya sa duka biyun su zama lamba ɗaya ce ke buge su. In 4 kake buƙata nan, 4 can, jifa 11 ke ɗauke da ita. In 4 ce nan, 3 can, sun zama 20. Daga waje sai ka ce sa'a ce.

Ba na cewa babu sa'a. A 1979 a Monte Carlo, manhajar Hans Berliner mai suna BKG 9.8 ta doke zakaran duniya Luigi Villa da ci 7 da 1, kuma da aka bi wasannin daga baya an ga Villa ya fi ta iya takawa, dayis ne ya tsaya mata. Gajeren wasa kowa na iya cin kowa. Maganin shakka shi ne ka adana wasanninka ka ba manhaja ta duba. GNU Backgammon kyauta ce, akwai kuma eXtreme Gammon da manyan 'yan wasa suka fi amfani da ita. Za ta ware maka abin da sa'a ta yi da abin da hannunka ya yi, ta ba ka lambar da ake kira PR, ma'aunin kuskurenka. Ƙanƙantarta ita ce kyau, manyan duniya ƙasa da 5 suke bugawa.

Tsohon Hannu:
A nan ne zan ɗan saɓa da Malam. Ban musa ƙarfin na'ura ba. Ina cikin wasan nan lokacin da kowa ya yarda cewa 4-1 da 5-1 a buɗe wasa sai ka ajiye tilo a gurbi na 5. Da TD-Gammon ta fito, wadda Gerald Tesauro ya ƙera a IBM a farkon shekarun 1990, ta koyi wasan ta hanyar karawa da kanta, sai ta nuna raba na baya, 24/23, ya fi. Gwanaye suka bi ta, kuma gaskiyarta ce. Amma na'ura tana gaya maka me, ba ta gaya maka don me. Na ga matasa da yawa suna wasa ashirin a dare, su danna bincike, su kalli jan layi, su ce "af", su wuce. Gobe su maimaita kuskuren a wani fasali. Wanda bai san turke da katanga da lokaci ba, in na'ura ta ce masa 24/20 ta fi 13/9, me ya ƙaru da shi?

Mai Lissafi:
Baba, wannan laifin mai amfani ne, ba na manhaja ba. Kuma ka'idojin da muke koyarwa da baki, da yawansu na'ura ce ta tace su, wasu ta zubar.

Tsohon Hannu:
Ta tace su, na yarda. Amma sai da aka samu masu fahimta suka zauna suka fassara abin da take nufi. Shawarata ga yaron nan: wasa ɗaya, ba ashirin ba. Ya ɗauki manyan kurakurai uku kawai. Kafin ya kalli amsar, ya faɗi dalilin da ya sa ya taka abin da ya taka. Sannan ya sauya fasalin da hannunsa: ya matsar da ɗa guda, ya buɗe gurbi ɗaya a gidan abokin karawa, ya ƙara wa kansa taku goma, ya ga a ina amsar take juyawa. Inda ta juya, nan darasin yake.

Mai Lissafi:
Wannan kam ban da ja. Sai dai in ƙara cewa ya riƙa ajiye fasalolin a wuri ɗaya, bayan wata guda zai ga yawancinsu 'yan gida ɗaya ne. Wani duk kuskurensa barin turke da wuri ne, wani kuma ƙin bugewa a cikin gidansa.

Antin Yara:
Wani kuma kyub, kuma su suka fi yawa. Ƙanena, tunda yawancin wasan intanet na maki ne, zuwa 5 ko 7, ka san cewa kashi 25 ɗin nan yana motsi da yadda maki yake. Abu uku za ka fara riƙewa. In ɗayanku ya kai saura maki 1, wasan da ke biye ba a taɓa kyub, ita ce dokar Crawford. Da an wuce wannan wasan, in kai ne a baya, ka miƙa kyub a damarka ta farko, domin faɗuwa ɗaya ce ko da kyub ko babu, ci kuwa ya zama biyu. In kuma ku duka saura maki 2 ne, kada ka yi jinkiri, da ka ɗan yi gaba ka miƙa, wasan ya zama shi ne na ƙarshe. Sannan in kai ne gaba da nisa, ka rage saurin miƙawa da saurin karɓa a fasalin da ke da gamon, domin wanda ke baya babban kyub yake nema.

Kuma ka riƙa kallon wasan manya, ana ɗora su da sharhi. Gasar duniya a Monte Carlo ake yinta tun 1979. Ka nemi wasannin Masayuki Mochizuki na Japan, ko Akiko Yazawa da ta ci gasar a 2014 da 2018. Ka tsayar da bidiyon bayan kowace jifa, ka zaɓi naka takun kafin ka ga nasu.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka da alheri, Baba da Malam da Anti. Ga wani fasali da na samu yanzu, ina so in gwada abin da kuka faɗa. Ƙarshen wasa ne. Saura mini 'ya'ya biyu, ɗaya a 5 ɗaya a 2. Shi saura masa biyu a gurbi na 1, kowace jifa ta kwashe su. Jifa tawa ce, kyub yana tsakiya, maki bai yi nisa ba. Zuciyata ta ce kada in miƙa, domin in na kuskure na faɗi ninki.

Antin Yara:
Kada ka tambayi zuciya, ƙirga. Waɗanne jifa ne ke kwashe biyun?

Ɗan Koyo:
6-5, 6-4, 6-3, 6-2, 5-4, 5-3, 5-2, kowanne ta fuska biyu, 14 ke nan. Sai 6-6, 5-5, 4-4, 3-3. Sun zama 18. Rabi daidai.

Mai Lissafi:
Ka bar 2-2. Taku huɗu ne: 5/3, 3/1, ka fitar da na 2, ka fitar da na 1. Sun zama 19, masu kuskurewa 17.

Antin Yara:
To ka miƙa. Jifar ƙarshe ce, kyub ba zai yi masa wani amfani a hannu ba, domin in ka kwashe wasa ya ƙare, in ka kuskure ya riga ya ci. A irin wannan, ko da jifa ɗaya ka haura rabi, ninkawa riba ce: a wasa 36 ba kyub ribarka maki 2, da kyub 4. Shi kuma ya karɓa da gudu, 17 cikin 36 ya wuce kashi 25 nesa. Da a ce 'ya'yan naka a 5 da 3 suke, sai ka sake ƙirgawa kafin ka taɓa kyub.

Ɗan Koyo:
Na ƙirga. 6-5, 6-4, 6-3, 5-4, 5-3 sun ba da 10. Sai 3-3, 4-4, 5-5, 6-6, sun zama 14. Na gwada 2-2, ba ta kwashewa, ɗaya na raguwa. 14 cikin 36, ba zan miƙa ba.

Tsohon Hannu:
Haka ne. Gobe ka kawo mana fasalin tsakiyar wasa, wanda kake da turke a gurbinsa na 5 ka jefa 6-5, mu ga ko za ka gudu ko za ka zauna. Ka zo da ƙidayar takun ku duka biyu.